Raƙuman Abu Fahad da Esin Tsohuwa

Sai da jirgi ya sauke mu a Riyad na fara zargin akwai abin da ba a faɗa mini ba. Mu tara ejan ɗaya ya turo, kowa da aikin da aka yi masa alkawari: wani direba, wani tela, ni kuma gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani kamfani. Sana'ata ce tun ina saurayi. Asalinmu mutanen Zurmi ne, amma a Ƙauran Namoda na girma, a wata rumfa bayan kasuwar hatsi na koyi aikin, kuma duk mai sayar da ƙanƙara a garin ya san Lawali mai firij. Wanda ya zo tarbarmu bai tambayi kowa sana'arsa ba. Ya karɓe fasfunanmu ya zuba a leda, ya nuna mana bayan mota.

Kwana huɗu muka yi a wani ɗaki a bayan gari. Kullum sai wani ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya ƙare mana kallo, kamar mai zaɓen rago a kasuwar Shinkafi, ya nuna ɗaya a tafi da shi. A rana ta huɗu wani dogon mutum mai furfura a gemu, da ake kira Abu Fahad, ya nuna ni. Na tattara ɗan Larabcin da na samu a makarantar Islamiyya na ce masa ni mai gyaran na'urar sanyi ne. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya zaro wata takarda mai hotona ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. Ko ba a fassara mini ba na gane ta. Makiyayi.

Muka yi tafiya a kan kwalta har ta ƙare, muka hau yashi muka ci gaba. Ba itace, ba gida, ba ko tsuntsu. Ina bayan mota tare da buhunan dusa, ina ta sa rai zan hango gari. Abin da na hango daga ƙarshe raƙuma ne kamar arba'in, da rumfar kwano, da janareta, da wata rijiyar siminti da tanka ke zuwa ta cika, an ɗora mata injin jan ruwa.

A nan na tarar da Baba Usman, dattijo ɗan Sudan, baƙi siriri, wanda ya shekara goma sha tara a wurin. Ya dubi takalmina na zuwa biki ya girgiza kai. Ya shiga rumfa ya fito da nasa tsohon takalmin da wani rawani ya miƙo mini. Shi ya koya mini tatsar taguwa, da yadda ake kauce wa amale in ya fara kumfar baki, da cewa ba a kwankwaɗar ruwa da rana, kurɓa ake yi. Larabcinsa daban da na littafi, amma a hankali kunnena ya buɗe.

A sati na uku na gudu. Na cika jarka da ruwa bayan sallar asuba na bi sawun mota. Kafin hantsi iska ta shafe sawun, na tsaya ina juyi, duk inda na duba iri ɗaya. Da ƙyar na lallaɓo na dawo. Na iske Baba Usman ya dafa shayi kofi biyu yana jira. Ya miƙo mini ɗaya, na shanye.

"Ni ma na gwada, ɗana," in ji shi. "Sau biyu."

Ba aikin ya fi damuna ba, shirun wurin ne. Ni da na tashi cikin hayaniyar tasha da ƙarar babura da kiran salla daga masallatai goma a lokaci ɗaya, sai ga ni inda ni ne ladan, Baba Usman liman, sahu kuma ba kowa sai ni. Nakan tuna damina a gida, yadda gero ke rufe mutum a hanyar Birnin Tsaba, da dakan mata da safe, da furar da Shafa matata ke dama mini in na dawo daga rumfa. Wani lokaci nakan kama kaina ina yi wa raƙuma Hausa don kada bakina ya manta.

Wata bakwai na yi a haka.

Da zafi ya kai ƙarshensa, irin wanda in ka bar cokali a rana ba ka iya ɗauka, sai ga Abu Fahad ya janyo wani abu a bayan motarsa. Ɗaki ne fari a kan tayoyi, da tagogi da labule, da gado da kicin da banɗaki a ciki, su suna ce masa karafan. A kan rufinsa akwai esi a zaune kamar ƙaramin akwati. Idona a kansa ya fara sauka, kamar na ga ɗan garinmu.

Mahaifiyarsa ya kawo. Tsohuwa ce ƙwarai, ga ciwon suga ga hawan jini. Baba Usman ya ce mini a tanti aka haife ta, kuma ita ta matsa wa ɗan nata, ta ce ba za ta mutu a cikin bene ba tare da ta sake shan nonon taguwa da ɗuminsa ba. Tare da ita akwai mace ɗaya mai kula da ita, ta rufe jiki ruf da baƙaƙen kaya, ko ido ba a gani sosai. Abu Fahad ya kwance karafan daga motar, ya haɗa masa wuta da janaretanmu, ya ja mana kunne kada ɗayanmu ya kusanci wurin, ya ce yana da sabga a wani gari sai gobe da yamma.

Washegari da hantsi muna gyaran kwamin ruwa sai matar nan ta fito da sauri tana kiran Baba Usman. Ta ce esi yana hurawa amma ba sanyi, ciki ya zama tanda, tsohuwa tana numfashi sama-sama, ta fara magana ba kan gado. Ta kira Abu Fahad a waya, ya ce ya taso, amma tsakaninsa da mu tafiyar awa biyar ce. Mu ba mu da mota. Rumfarmu ta kwano kuwa ta fi karafan ɗin zafi.

Baba Usman ya waiwayo ya dube ni. Sau da yawa na ba shi labarin sana'ata yana gyaɗa kai kawai, ban taɓa sanin ko ya yarda ba.

"Wannan ya ce aikinsa ne a ƙasarsu," ya ce da ita.

Ta ce ai an hana. Ta koma ciki, ta ɗan jima, sai muka jiyo muryar tsohuwa a shaƙe tana cewa ko aljani ne a shigo da shi.

Kayan aikina gaba ɗaya sukudireba ɗaya ce da filaya ta gyaran janareta, sai wuƙar kicin. Na yi sallama na shiga kaina a ƙasa. Zafin ya mare ni a fuska. Tsohuwa na kwance an lulluɓe ta da mayafi, ƙirjinta na ɗagawa da sauri. Na ce a jiƙa tawul a riƙa shafa mata a wuya da hannuwa, a sauke duk labule. Baba Usman kuma na roƙe shi ya rataya barguna a gefen da rana ke duka.

Na miƙa hannu ƙarƙashin inda iska ke fitowa. Kaɗan ce, kuma da ɗan sanyi-sanyi kamar na randa. Na kasa kunne. Fanka na juyawa. Kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, yana tashi ya yi minti biyu ya mutu. Na ce a raina gas dai akwai, tunda ana jin alamarsa. In da gas ne ya tsiyaye, da ba abin da zan iya a wannan dajin.

Na kashe shi na kwance murfin da ke silin. Ragar da ke tace iska ta toshe da ƙura har ta zama kamar bargo. Na miƙa aka wanke ta a bokiti. Da na leƙa ciki sai na ga wata matsalar: soson da ya raba hanyar iska mai shiga da mai fita ya ɓalle saboda girgizar hanya, don haka ɗan sanyin da ake samu a cikin silin yake kewayawa, ba ya sauko wa mutane. Na yanki kwalin dabino na toshe wurin, na manne da filastar da ke cikin jakar magungunan tsohuwa.

Na kunna. Iska ta fito da ƙarfi har labule ya motsa. Zuciyata ta fara kwanciya. Minti uku, kwamfuresa ya sake mutuwa.

Wannan ya nuna mini zafi ne ba ya samun hanyar fita, kuma maganinsa yana kan rufi. Na kashe komai na zagaya baya inda tsani yake. Matar ta biyo ni da butar ruwa. Ina kaiwa sama na dafa wani ƙarfe ban sani ba, ya ƙone ni har cikin rai.

"Wayyo Allah, Inna!" na ce.

Sai na ji buta ta faɗi a ƙasa.

"Kai! Bahaushe na?"

Na leƙo. Wata bakwai ban ji Hausa daga bakin wani ba, in ba a waya ba.

"Ɗan ina na kai?" ta ce.

"Ƙaura. Ƙauran Namoda. Sunana Lawali."

"Ni Rabi, ɗiyar Madawa ta, cikin Nijar. Allah mai iko!" Sai kuma ta ce, "Bari gaisuwa sai an jima, ɗan'uwa. Yi aikinka, tsohuwar ga tana tahiya."

Na kwance kusoshi huɗu na ɗage murfin. Siraran ƙarafan da ke fitar da zafi sun cushe da yashi da gashin raƙumi, wani gefen ma ya lanƙwashe. Na zaro asuwakina na riƙa kankarewa, Rabi na miƙo ruwa ina zubawa daga ciki zuwa waje, ina kare wayoyi da rawanina. Inda ya lanƙwashe na miƙar da matajin gemun Baba Usman. Rufin na cin gwiwoyina ta cikin wando. Da na ga haske na ratsawa ta tsakanin ƙarafan na ce ta je ta kunna.

Fanka ta tashi. Kwamfuresa ya yi gurnani, ya yi ƙas, ya yi shiru.

Na ce ta kashe, mu jira, ta sake. Gurnani, ƙas, shiru. Na uku ma haka.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Kafin in taɓa shi, ko ba komai yana ba da ɗan abin da yake bayarwa. Yanzu babu. In tsohuwar nan ta cika, ni ne baƙon da aka hana kusantar wurin, ya shiga, ya kwance na'ura. Ba ni da fasfo, ba ni da kowa.

Rabi ta fito ta ɗaga kai. "Lawali, mi ka yi? Ka kashe mu!"

"Ba ni minti biyar," na ce, alhali ban san me zan yi da su ba.

Na zauna a kan rufin na yi salati, na tilasta wa kaina tunani kamar ina rumfata. Injin da ke gurnani ya kasa tashi, ko ya ƙone ne, ko abin da ke ba shi ƙarfin tashi ya gaza. Na sauka na zare wayar wuta da hannuna, na koma na buɗe ɗan akwatin da ke gefe. Ga kafasita nan, wani ɗan gwangwani da ke tara wuta ya tunkuɗa injin. Kansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatirin da ya lalace. Dama da ƙyar yake aiki, kashewa da kunnawar da muka yi ta ƙarasa shi.

Na ji daɗi na kuma ji baƙin ciki. Cutar ƙarama ce, a Ƙaura da yanzu na canza shi. Amma a nan ina zan samu?

Daga saman rufin idona ya sauka a kan injin jan ruwa.

Na sauko na yi wa Baba Usman bayani. Injin ruwa yana da irin wannan gwangwanin, in na cire ba zai tashi ba. Kwamin kuwa rabi ne, kuma bayan azahar raƙuma arba'in za su dawo da ƙishirwa. Raƙuman nan su ne rayuwarsa, kowace ya san sunanta da na uwarta. Ya dubi rijiya, ya dubi karafan.

"Kana da tabbas?"

"Ba ni da shi, Baba. Amma ban ga wata hanya ba."

Ya karɓi sukudireba daga hannuna, shi da kansa ya kwance murfin injin.

Lambar da ke jikin gwangwanin ba daidai take da ta wancan ba, amma ta yi kusa. Na haɗa bakinsa da sukudireba don wutar da ta saura ta fita, na hau da shi. Ɓangaren tsohon gwangwanin da ke tayar da fanka yana aiki, na bar shi, na zare wayoyin kwamfuresa na mayar kan sabon, na ɗaure shi da tsumma don kada ya taɓa ƙarfe. Na mayar da murfi. Baba Usman ya haɗa wuta. Na ce Rabi ta yi bisimilla ta kunna.

Gurnani. Sai kuma wata ƙara mai taushi, a miƙe, wadda duk mai wannan sana'a ya san ta.

Ban sauko ba. Na kwantar da tafin hannuna a kan murfin ina jira ya mutu. Minti uku. Biyar. Goma. Iska mai zafi na bugun fuskata daga bayansa, alamar yana kwaso zafin ciki yana zubarwa. Can sai na ga ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashinsa yana gangarawa gefen rufi. Daga ciki Rabi ta rangaɗa guɗa, irin ta gida, a tsakiyar saharar Larabawa. Na sauko, Baba Usman ya tare ni a matakin ƙarshe.

Kafin azahar numfashin tsohuwa ya daidaita. Ta sha ruwa, ta gane mutane, har ta fara faɗan ina nonon da aka kawo ta sha. Mu kuwa raƙuma suka dawo suka yi mana caa. Da guga da igiya muka riƙa jan ruwa muna juyewa, ni da dattijon, har tafin hannuna da ya ƙone ya fashe. Amma duk guga ɗaya sai na ɗaga kai na saurari ƙarar nan, in ji tana nan, in yi murmushi ni kaɗai.

Bayan la'asar Abu Fahad ya iso a guje, tare da wani makaniki ɗan Pakistan da ya ɗauko a hanya. Ya faɗa ciki. Ya fito ya ga injin ruwa a buɗe, ya ji cewa na shiga wurin mahaifiyarsa, ya hau faɗa yana nuna ni da yatsa. Makanikin bai kula shi ba, ya hau rufi, ya daɗe, ya sauko yana goge hannu.

"Wa ya yi wannan?" Aka nuna ni. Ya ce da Abu Fahad, "Ba abin da ya rage mini. Sabon gwangwani kawai zan sa, a mayar da na injin ruwa." Ya zo ya kama hannuna, ya ga ƙunar, ya saki a hankali.

Tsohuwa ta sa aka kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, sanyi na zubo mini a fuska. Ta yi magana da irin Larabcinsu na ƙauye, Rabi na mayar mini.

"Ta ce mi kaka so?"

Na yi niyyar cewa gida. Kalmar har ta zo bakina. Amma na tuna abin da ya fito da ni, na ce, "Ki ce mata aikin da na zo yi nake so a bar ni in yi. Da fasfona."

Tsohuwa ta juya ga ɗanta. Ya ce ai yana bukatar mai kiwo. Ta ce ya nemo wani. Ya fara wani bayanin, ta ɗaga yatsa ɗaya, babban mutum da furfurarsa ya yi tsit.

Kwana uku suka ƙara suka tafi. Ban taɓa ganin fuskar Rabi ba, ban kuma sake jin labarinta ba. Ranar tafiyarsu ta ajiye mini ƙullin yaji da kuka a kan tayar karafan, daga guzurin da take ɓoyo.

Sai da aka yi sati uku ina zaton an manta, sannan Abu Fahad ya zo da sabon makiyayi da fasfona a aljihu. Ya gyara takarduna, ya kai ni shagon makanikin nan, wanda ashe shi ma ya nemi a ba shi ni. Baba Usman ya raka ni har mota. Na ce ya yafe mini. Ya ce in na je gari in riƙa sallar Juma'a da niyyar mu biyu.

Akwai abin da ban faɗa ba. Duk watannin nan, in na ari wayar Baba Usman na kira gida, ce wa Shafa nake yi ina kamfani, aiki na tafiya daidai. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Ranar da na gama aikina na farko a shagon, na zauna a kan wani tsohon firij na kira ta, na kwashe komai na gaya mata, tun daga ledar fasfo har rufin karafan.

"Baban Hassi," ta ce, "ai na sani."

"Kin sani? Wa ya hwaɗa miki?"

"Wane irin kamfani na raƙuma ka kuka cikinai? Tun kiran farko ni ji su. Ni dai bari ni yi sai ka hwaɗi da bakinka." Ta ja numfashi. "Ko Inna ban gaya ma ba. Yanzu dai ka ci abinci?"

Na buɗe baki in amsa, sai dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba, har mai shagon ya leƙo ya ga ko lafiya.